Jimlar da Na Rubuta a Kan Baba

Haƙƙi ne a kaina, a matsayina na magatakardan ƙungiyar mahautanmu ta Agege, in rubuta tarihin dattijonmu bisa adalci. Ban sauke shi ba.

Sau biyu na zauna a rumfarsa, yana ɓare goro da farce, ƙaurin ganda na shigo mana. Ya ba ni labarin isowarsa Legas a taragon shanu. A zaman farko ya ce ana tsuga ruwa. A na biyu ya ce rana ake ƙwallawa.

Na ce, "Baba, wanne zan rubuta?"

Ya yi dariya. "Malam Akawu, kai ka hau jirgin ko ni? Rubuta cewa na iso."

Na fusata, na rubuta a gefen shafi: "Maganarsa ba abin dogaro ba ce." Haka jikokinsa suka karanta bayan rasuwarsa.

Jiya ya cika shekara da rasuwa, na buɗe littafin da na rubuta tarihin a ciki. Da an tambaye ni, zan rantse ranar Juma'a muka yi zaman ƙarshe, mu biyu. Hannuna kuwa Talata ya rubuta, da sunayen mutum huɗu da suka halarta. 'Yata mai karatun halayyar ɗan Adam ta ce masana sun gano ƙwaƙwalwa sake ginin abin da ya wuce take yi duk lokacin da aka tuna shi. Ashe Baba bai yi mini ƙarya ba.

Ina roƙon kwamitin ƙungiya ya zauna ya soke wannan jimla, a sanar da iyalinsa a rubuce. Allah Ya haskaka kabarinsa, ni kuma Ya yafe mini.