Takardar buhun siminti

Na zauna a Abijan da Kano da Tamanrasat, kuma ko'ina na ga yara suna ɓarnar takarda ba mai ɗaga ido. Mu a lakwal ɗin Malbaza, makarantarmu ta boko, lokacin da kamfanin siminti yake sabo, kaye guda gare mu, wato littafi na rubutu mai tsabta, sai ƙaramin allo da alli.

Mushenmu, wato malaminmu, wani dogon Bazabarme, ba ya yarda a taɓa kaye sai an bi tsarinsa. Ko labari za ka bayar da Faransanci, ko siffanta kasuwa, ko wasiƙa zuwa ga kawu, sai ka fara tsara mafari da tsakiya da ƙarshe, ka yi gwaji, sannan ka kwafe. Ni da aka kawo daga Tajaye aka ajiye gidan baffana, a allo nake tsarin. In zan yi gwaji dole in goge shi, kafin in kai tsakiya na manta inda na nufa.

Yaron da muke benci ɗaya ba shi da wannan damuwa. Ubansa yana ɗinke buhuna a kamfani, yana kawo masa yagaggun takardunsu. Sai ya shimfiɗa tsarinsa a hagu, gwajinsa a dama, ya soke, ya sake, kamar wani kumandan a buro, ofishinsa. Na fi shi Faransanci, shi ma ya sani. Amma nasa rubutun yana tafiya a jere, nawa yana tsalle kamar ɗan akuya. 

Aka ce sufeton makarantu zai zo daga Birnin Konni, kuma rubutu ɗaya za a karanta a gabansa: siffanta ranar kasuwa. Na ƙudurta nawa ne. Roƙon yaron nan kuwa ban iya ba. Na tafi inda motocin siminti ke lodi, na tsinci fasasshen buhu, na yage takardar can ciki don na ga ta fi santsi, na kakkaɓe ta.

Ranar gwaji na shimfiɗa ta da alfahari. Layin farko lafiya. A na biyu garin siminti ya haɗu da tawada ya daskare a bakin alƙalami. Na tsoma, na danna, bakin ya buɗe biyu. Da na zo kwafewa a kaye, kowane harafi sai ya fito da inuwarsa, ga ɗigo ko'ina.

Yaron nan ya leƙo, ya yi ƙasa da murya don kada mushe ya ji Hausa, wadda aka hana a aji.

“Kai, ɗan Tajaye, mi ka ɗauko haka? Ta ciki?”

“Ina ruwanka.”

“Ta tsakiya aka ɗauka, baƙauye. Wagga ai gini za ka yi da ita.”

Ya turo mini guda daga cikin nasa. Na tura masa abarsa da gwiwar hannu.

Mushe ya ɗaga kayena da yatsu biyu, bai karanta ba ya ajiye. Ranar da sufeto ya zo, yaron ya miƙe ya karanta kasuwarsa, da masu albasa da raƙuman Buzaye, kowa a wurinsa. Na ji kuskure a jimlarsa ta ƙarshe. Sufeto bai ji ba, ya tafa masa, aji duka ya tafa. Ni ma na tafa, don mushe yana kallona.