Bokitan Zulai da Tumatirin Namadi

Namadi manomin gero ne a Yargalma, mutum mai ƙwazo da rashin jin shawara. Na san shi ta wajen rabon taki a Bukkuyum, domin kullum shi ke fara shiga layi.

Bayan da aka kankare ƙasar gidajen garin saboda gubar dalma, matarsa Zulai ta hana shuka komai a tsakar gida. Sai Namadi ya ɗebo ƙasa mai kyau daga fadama, ya cika bokitan ɗiban ruwanta, ya dasa tumatir. A gaban maƙwabta ya yi alkawarin da shi za a yi miyar Sallah. Zulai ta ce in ya fasa, shi zai sha miyar kuka ran Sallah, kowa yana kallo.

Matsalar ita ce hannunsa ya saba da gona. Yadda yake watsa wa gero taki cike da tafi, haka ya zuba wa kowane bokiti, ya ƙara da kashin kaji don kada a ce ya yi rowa. Ganye ya ƙone daga baki, ƙasar ta yi fari kamar an barbaɗa kanwa.

Dikko, maƙwabcinsa Bafulatani makiyayi, ya leƙo ta katanga.

"Kaɗo, mi kay yi wa tumatirin ga?"

"Abinci na ba shi."

"Ko maraƙi aka ɗura wa gishiri haka, sai ya kwanta. Kwashe na sama, huda gindin bokiti, ka yi ta zuba ruwa har takin ya wanke."

Namadi ya dubi bokitan, ya dubi Zulai.

"Huda mana, Malam," in ji ta. "Amma da mi za a ɗebo ruwan?"

Ya huda su da ƙusa. Daga ranar aka riƙa ganinsa a bakin famfo da tulu a kai, cikin layin mata, suna tambayarsa lafiyar majinyatansa na cikin bokiti. Ya datse ganyen da ya mutu, ya ja bokitan inuwar darbejiya, bai sake kusantar buhun taki ba.

Rabin shukokin suka mutu. Sauran suka yi toho, suka ba da tumatir ƙanana, daidai miyar tukunya ɗaya. Ran Sallah Namadi ya zauna ƙofar gida da akushinsa a buɗe, yana juya tuwo a hankali don duk mai wucewa ya ga miyar ja ce.