Tubani Uku a Faranti Ɗaya

Akwai abin da ya same ni wanda ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta, ’yan gidanmu ba za su bar ni ba. Sai dai in faɗa tun yanzu, an kwana biyu da faruwarsa, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta cika riƙon amana ba. Mai yiwuwa na sa wani abu a gaba alhali a baya ya zo. Abin da na tabbatar kawai shi ne, tubani ne ya jawo komai.

Lokacin na gama jami’a, na gama bautar ƙasa, ina zaune a gidanmu a Salaga ina jiran aikin da bai san ina jiransa ba. Sai na je wani taron horo a Tamale na masu rubutu a kundin sani na intanet, wannan da kowa ke iya ƙara maƙala a cikinsa. Aka ce a sashen Hausa abubuwanmu na arewacin Ghana ba su da yawa. Aka koya mana ƙa’ida: sabon marubuci yakan rubuta daftari ya tura, wani tsohon hannu ya duba, ya karɓa ko ya mayar. Kowace magana sai da madogara, wato littafi ko jarida ko binciken da aka buga. Ba yabo, ba kushe. Abin da ka sani da kanka, ko da idonka ne ya gani, ba hujja ba ne.

Abokan horona suka zaɓi garuruwa da manyan mutane. Ni da na san halina na tsoron rigima, sai na nemi abin da ba mai yin faɗa a kansa. Na zaɓi tubani. Na ce a raina, wa zai ta da jijiyar wuya a kan garin wake da kanwa da aka naɗe a ganye? Ga shi mahaifiyata, wadda muke kira Mma, tun kafin a haife ni take yin sa na sayarwa. Yau in na tuna wannan lissafin nakan tausaya wa kaina.

Daftarin farko bai daɗe ba ya dawo. Mai dubawar, wanda har yau ban san ko a Tamale yake ko a Kano ko a Yamai ba, ya rubuta cewa rubutun ya yi kyau, amma ina madogara? Ni kuwa a wurin madogara na rubuta “mahaifiyata”. Da na gaya wa Mma, sai ta ɗago daga kan tukunya ta ce, “Shi mai dubawar, ya taɓa naɗa tubani?” Na ce wataƙila bai taɓa ba. Ta ce, “To,” ta ci gaba da aikinta.

Na koma Tamale, na tono wani littafi a kan abincin arewa, da binciken wata ɗaliba, da wani rubutu a jarida. Na sake rubutawa. Amma tsoron kada in faɗi abin da ba daidai ba ya sa na lulluɓe kowace jimla da bargo. Na tuna ɗaya: “Ana kyautata zaton cewa a wasu wurare mai yiwuwa akan sa kanwa.” Aka sake mayar mini. Mai dubawar ya ce, “Littafin da ka kawo ya ce ana sa kanwa. Kai ma ka ce ana sa.”

Abin da ban sani ba, Mma ta riga ta yi gaba da labarin. Tana da ƙanwa a Yendi, wadda muke kira Inna, da ƙane a Bawku, kawuna mai sayar da hatsi. Tsakanin gidajen nan uku akwai tsohuwar gardama a kan tubani. Mma da wake zalla take yi. Inna tana ɗan haɗawa da garin rogo. Gidan kawu kuwa na gurjiya suke yi. Kowa na ganin na sauran abin tausayi ne. Sai na ji Mma a waya tana ce wa Inna, “Ɗana ya sa tubanina a duniya. Ranar sunan jikanki zai nuna muku da idonku.” Da ta ajiye na ce, “Mma, ba a karɓa ba fa tukuna.” Ta ce, “Za a karɓa. Na riga na faɗa.” Ta kuma sa na tura adireshin daftarin a zauren ’yan uwa na waya. Na tura, ban tuna cewa daftari a buɗe yake ba, kowa na iya sa hannu.

Ba a jima ba na buɗe na tarar wani mai sunan aro ya ƙara layi: “Tubanin Bawku shi ne sarki, sauran kwaikwayo ne.” Na cire, na bar masa saƙo mai tsawo na ban haƙuri, na ce wataƙila yana da gaskiya, amma mai yiwuwa ƙa’ida ba za ta yarda ba. Washegari layin ya dawo, har ya yi aboki: “Asalin tubani daga Yendi ya fito.” Na cire, suka dawo. Labari ya kai kunnen Mma, ta kira ni ta ce, “Kai ma ka sa na Salaga ya fi.” Na ce, “Mma, ƙa’ida ba ta yarda ba.” Ta dube ni ta ce, “Ƙa’ida ce ta goya ka?”

Ban sa ba, amma ranar ko tubanin gidan ban iya ci ba. Ana cikin haka aka mayar da daftarin karo na uku, aka ce ya zama filin talla. Suna kuwa ya matso. Ina jin a rayuwata ban taɓa fusata haka ba. Na shiga shafin tattaunawa na rubuta: “Wannan magana ba ta da madogara. Na cire ta. Duk wanda ya mayar, zan sake cirewa.” Na tura.

Ranar suna a Yendi, tukwane uku aka ɗora, don ba wadda ta yarda ta ci na wata. Mata sun cika tsakar gida ana naɗe-naɗe, sai Mma ta ɗaga murya ta ce, “Zo ka nuna musu.” Na tsaya da waya a hannu kamar wanda aka kama da kazar maƙwabta. Na ce, a gaskiya, kusan a iya cewa ba a karɓa ba tukuna, domin wani yana ɓata shi. Inna ta ce, “Yaya, ashe duniyar ba ta ɗanɗana ba ma?” Aka yi dariya. Mma ta sunkuya tana naɗa ganye, tana warwarewa, tana sake naɗawa. Ganin hakan ya fi duk mayarwar da aka yi mini ciwo.

Sai taubashiyata, ’yar kawu ta Bawku, wadda tun muna yara take kirana Malam Wataƙila, ta miƙe ta ƙanƙance murya ta ce, “Duk wanda ya mayar, zan sake cirewa!” Ta fashe da dariya. “Mijina, ashe kana da haƙora? Tun da na san ka ban taɓa jin ka faɗi magana ta tsaya da ƙafarta ba sai wannan.” Na ce, “Ke ce?” Ta ce, “Na Bawku nawa ne. Na Yendi kuwa Inna ce ta bugo ta ce in sa mata, ni kuma ba na ƙin aiken manya.” Inna ta juya tana gyara itacen da ba abin da ya same shi.

Wasan taubasai ba a fushi da shi, kowa ya sani. Amma ina ganin ta lura da fuskar Mma, don dariyar ta tsaya mata. Ta ce, “Kawo wayar nan.” Muka zauna a gindin darbejiya. Takan karanta jimla ta tambaye ni, “Littafin ya faɗa ko bai faɗa ba?” In na fara “to, mai yiwuwa”, sai ta ce, “E ko a’a, Malam.” In ya faɗa, mu goge wataƙila. In bai faɗa ba, mu goge jimlar gaba ɗaya. Maƙalar ta rame, amma ta miƙe. Wake da gurjiya da rogo duk suka shiga layi ɗaya, ba wanda aka naɗa sarauta.

A nan na tuna wani abu daga horon: hoton da mutum ya ɗauka da kansa ba ya buƙatar littafi. Na ce a zuba duka ukun a faranti ɗaya. Gardamar wanda za a sa a tsakiya ta kusa sa tubanin ya huce, har Inna ta ci da hujjar cewa gidanta ne. Mma, da yake ita ce babba, aka ba ta ta riƙe farantin. Na ɗauka, na sa, na tura da bismilla.

Washegari muna tasha rakiyar mutanen gidan kawu, motar Bawku na lodi, sai wayata ta yi ƙara. An karɓa. Na karanta saƙon na sake karantawa, don ban yarda da idona ba. Mma ba ta bi ta kan rubutun ba, hoton ta ƙura wa ido. Ta miƙa wa Inna ta ce, “Hannun wa ke nan?” Inna ta ce, “Amma dai nawa ne a tsakiya.” Mma ta ce, “Tsakiya ko gefe, wa ya riƙe ku duka?”

Abin da na koya shi ne, taka-tsantsan daban, ɓuya daban. In kana da hujja, faɗi maganar ta tsaya. In ba ka da ita, yi shiru, kada ka rufe ta da wataƙila. Na kuma koyi cewa babu ƙaramin batu muddin akwai uwar da ta riga ta yi alfahari da shi.

Waɗanda suka halarci sunan nan, in kun ga na kuskure a wani wuri, don Allah ku aiko da gyara, zan karɓa hannu biyu. Mutumiyar Bawku ce kawai sai ta zo da madogara.