Yadda Yayana Ya Koma Ɗan Koyo a Kan Injinsa

Kun taɓa ganin mutum yana koyon aikin da shi ne yake koya wa mutane? Ni na gani, a gidanmu ma yake kwana, yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Reza ake ce masa a layinmu, don in ya yanka takarda sai ka rantse da haka aka halicce ta. Tun ina rarrafe yake aiki a wani shagon buga takardu, littattafan makaranta, kalanda, kwalin magani, shi ne a kan injin yanka, wani ƙaton ƙarfe mai wuƙa kamar faɗin ƙofa. Kullum ya dawo da ɓarɓashin takarda a gashi, matarsa tana tsince masa tana cewa malam furfura tun yanzu? Da aikin nan ya yi aure, da shi yake riƙe Inna da mu ƙannensa, ba wani abu muke da shi ba bayan shi.

To sai gwamnati ta fito da shirin nan na marasa aiki, wai a kai ka wani wuri ka koyi sana'a, ita za ta riƙa ba ka ɗan kuɗin mota, in an gama mai wurin ya riƙe wanda ya fi ƙoƙari. Da jin haka Oga mai shagon ya kira Yaya ofis ya rufe ƙofa har da ba shi lemo, abin da bai taɓa yi ba.

Ya ce, "Reza, kasuwa ta mutu, ka gani da idonka. Zan sallame ka a baki kawai. Ka je ka shiga shirin nan, ni zan ce a turo min kai, su biya ka na ɗan lokaci in numfasa. Ana gamawa in ce kai na riƙe. Wa zan riƙe in ba kai ba?"

Yaya ya ce, "Oga, ni ne mara aikin?"

"A takarda mana. Kai ma dai."

Inna ta ce hankalinta bai kwanta ba, Yaya ya ce Inna in na ƙi ma sallamar ce, ta gaske. Haka ya je ya bi layi cikin rana da yara sa'annina, aka ba shi riga mai ruwan ɗorawa an rubuta ɗan koyo a baya, rigar ma ta matse shi, maɓallin ciki ba ya shiga. Ya koma injinsa, wuri ɗaya, aiki ɗaya, abin da ke shigowa gida ne kawai ya ragu. Ranar da ya fara sa rigar matarsa ta ce to ɗan makaranta, a zuba maka abincin tara? Ya yi dariya, amma daga ranar a leda yake fita da ita sai ya isa shago yake sawa.

Tare da shi aka turo wani yaro siriri, Tsinke suke ce masa, shi kam da gaske bai san komai ba, farko ko kusa da wuƙar ba ya zuwa. Yaya ne ya koya masa komai, yadda ake buga takarda a tebur ta daidaita, yadda ake danne ta, inda ba a sa hannu ko da wasa. Yaron kirki wallahi, ba ni da abin faɗa a kansa.

Sai aka ce masu dubawa za su zo. Oga ya ruɗe ya ja Yaya gefe.

"Don Allah kar ka yi musu gwaninta. In suka gane ka daɗe a nan ni da kai mun shiga uku. Ka yi kamar hannunka bai faɗa ba."

Wata mata ce ta zo, mai gilashi, mai fara'a, ta ce kowa ya nuna abin da ya koya. Tsinke ya yanka tas, yadda aka koya masa. Aka zo kan Yaya. Shi da bakinsa ya gaya mana bai taɓa shan wahalar aiki irin ta ranar ba, wai hannun na son ya daidaita takardun, shi kuma yana hana shi, sai da ya karkatar da takardun da gangan ya sauke wuƙar, suka fito a karkace kamar an yanka da haƙori. Matar ta dafa teburin ta ce, "Kar ka damu bawan Allah, wanda ya fara da girma sai a hankali. Ka riƙa kallon ƙanenka yadda yake yi." Ma'aikatan shagon kowa ya juya baya yana tarin ƙarya.

Da aka gama shirin Tsinke aka riƙe. Yaya ya shiga ofis, wannan karon ba lemo.

Oga ya ce, "Ni na zaɓa? Su suka ce shi ya fi. In je in ce musu ƙarya muka yi?"

"Oga kai ka ce in ɓata."

"Na ce ka ɓata, ban ce ka ɓata haka ba."

Kuma kowa ya sani Tsinke ba ya da mata ba ya da uwa a wuyansa, ko nawa aka ba shi godiya zai yi. Wani rukunin ma sun riga sun zo da rigunansu.

Yanzu Yaya yana gida. Ba damar ya kai ƙarar Oga, don in ya buɗe baki shi ma da hannunsa a ciki. Ya zaga shaguna duk sun cika da masu riga, wani ma ce masa ya yi ya koma ya sake shiga shirin sai ya ɗauke shi. Da safe sai ya zauna a ƙofa da rediyo, ko kunnawa ba ya yi. Wani lokacin wayarsa ta yi ƙara, Tsinke ne, yana cewa Yaya wuƙar tana cin gefe yaya zan yi. Matarsa ta ce kar ka ɗauka. Sai ya ɗauka, ya ce kashe injin tukuna, cire hannunka daga wurin, to yanzu gaya min.

Don Allah duk wanda ya karanta ya tura wa na gaba, musamman mai ɗan'uwa a shago ko kamfani. In maigida ya ce zai sallame shi a baki kawai, ya karanta wannan kafin ya ce to.