Shinge a Tankin Murjani

Ban taɓa ganin teku ba, amma na yi shekaru ina goge ɗigon ruwansa a falona na Samaru. Maigidana ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne. Wata shekara aka tura su kwas Legas, abokan tafiyarsa suka dawo wa matansu da atamfa da takalma, shi kuwa ya dawo da jarka da wani ɗan abu kamar guntun citta a ƙulle cikin leda. Ya ce mini murjani ne, kuma mai rai. Ni murjanin da na sani na wuya ne, ban san yana ci yana girma ba.

Tun daga ranar na rasa rabin falona. Aka kafa tankin gilashi a gindin taga, aka cika shi da ruwan gishiri, aka jera duwatsu masu ramuka da 'yan kifaye masu launi waɗanda ko miya ba za su yi ba. Gishirin ma ba irin na girki ba ne, sai an aiko da shi daga Legas. Famfon cikin tankin yana gurnani dare da rana, ɗakin kullum da ƙarni. Idan ya wanke wani kofi da ke tara dattin ruwan, sai in bar masa gidan in koma bakin ƙofa. Sola da batir ɗin da muka sa don yara su yi karatu, tankin ne ya gaje su. Ban ɓoye masa ba, ƙyamar abin nake yi.

Sai dai gaskiya, guntun cittar nan ya girma. Ya yi rassa, ya kai faɗin faranti, ya zama abin da mutumin nan yake fara gaisarwa da safe kafin ni. Shi ba mai yawan magana ba ne, ba ya zaman majalisa, ba ya kallon ƙwallo. A wurin aiki an sha tsallake shi a ƙarin girma, bai taɓa ɗaga murya ba. Wannan abu ɗaya ne ya raya da hannunsa a garin da babu wanda ya taɓa raya irinsa, kuma ya san haka.

Fitilar da ke kan tankin ta LED ce, wata 'yar faifai mai ƙananan idanu. Da murjanin ya yi girma, sai rassan sama suka riƙa yi wa na ƙasa inuwa, gindinsa ya fara komawa ruwan ƙasa. Maigida ya shiga damuwa. Ya yi ta karance-karance a waya har ya gano cewa hasken LED yana sauka ne a tsaye, shi kuwa dogon ƙwai, wanda ake kira fuloresan, yana bazuwa ta kowane gefe. Ya sa aka aiko masa da dogayen ƙwai masu shuɗin haske, ya ce zai ƙara su a gaba da bayan ta LED ɗin.

Ranar wata Asabar ya ja ni Sabon Gari, wai in taya shi riƙo. Muka bi layin masu kayan wuta shago shago muna neman mazaunin da zai dace da ƙwan, don sun fi na gida siranta. Wani mai shago ya juya ƙwan a hannu, ya ce, "Oga, gidan rawa za ka buɗe?"

"Kifi ne," in ji maigida.

"Kifi na neman wuta? To, Allah ya ba da sa'a."

Daga nan sai wurin mai walda a Muchiya, aka haɗa masa ƙarfen ratayewa. Na dawo gida a Keke mai ƙafa uku rungume da ƙarfe, da tsatsa a zanena.

Hasken ya yi kyau, ba zan ci amanarsa ba. Cikin 'yan makonni gindin murjanin ya fara washewa, bakin rassan suka yi wani kore mai sheƙi. Amma dogon ƙwai yana da zafi, ga shi ana tsakiyar bazara, ruwan ya fara ɗumi fiye da yadda abin ke so. Sai ya cire murfin gilashin tankin. Bai isa ba, ya kwance ragar sauron da ke jikin tagar, ya ce tana tare iska, ai akwai ƙarfen ɓarayi. Na yi masa faɗan sauro. Sauro kaɗai ya zo mana a rai, mu biyun.

Wata Laraba muka tafi addu'ar yamma a coci tare da yara. Muna ciki hadari ya haɗu, aka sauke ruwan farko na shekara, mai ƙarfi, irin wanda ke tada ƙamshin ƙasa. Muka jira ya tsagaita. Kamar kullum, da ruwa ya sauka aka ɗauke wuta.

Mun shigo layinmu bayan magariba, ko'ina duhu, sai taga ɗaya tal tana ta zuba shuɗin haske har kan hanya. Tamu ce. A gindinta matan layi ne cike da robobi da tsintsiya, ana ta raha. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san yadda ake kama shinge, garar nan mai fukafukai: bayan ruwan farko a kunna fitila, a ajiye roba da ruwa a ƙarƙashinta, su zo su faɗa. Abin da maigida ya haɗa ke nan da hannunsa, fitila mafi haske a unguwa da buɗaɗɗen ruwa a ƙasanta. Shekara da shekaru fitilar LED ɗin tana ci a bayan raga da murfi, ko ƙwaro ɗaya bai dame mu ba.

Da na buɗe ƙofar falo, shinge ya bugi fuskata, ya shiga wuyan rigata. Bango motsi yake. Saman ruwan tankin ya rufe ruf da su, kaurin abin ya kai tafin hannu, na sama suna tafiya a kan gawar na ƙasa. Fukafukai sun toshe famfon ya tsaya. Kofin dattin nan ya yi ambaliya, wata kumfa mai ruwan ƙasa tana bin jikin gilashi tana sauka kan tabarma. Ga maiƙonsu ya kwanta a ruwan kamar an wanke kaskon suya. Na fita na yi amai a bakin kwata.

Shi kuwa ya kashe fitilun, ya naɗe hannun rigar cocinsa, ya ɗauko matacin kokona ya shiga kwasa. Na dawo na riƙe masa bokiti ina kau da kai. Abin da ya kamata shi ne a canja ruwan gaba ɗaya, amma gishirin da ya rage bai fi na bokiti guda ba, wanda ya yi oda kuma yana hanya. Ya haɗa ɗan abin da ke akwai ya tsamo kifayen ya zuba su ciki. Murjanin ya manne da babban dutse, ba ya shiga bokiti.

Da gari ya waye ruwan ya yi fari kamar ruwan wankin shinkafa, warin kuwa har ɗakin kwana. Shingen da suka nutse sun maƙale a ramukan duwatsu suna ruɓewa. Murjanin yana ta fitar da wani yauƙi, naman jikinsa yana saɓulewa daga rassan yana bin ruwa zare zare, farin ƙashi yana bayyana a ƙasa. Maigida ya ja kujera ya zauna a gabansa. Bai je aiki ba.

Wajen hantsi aka yi sallama. Maƙwabciyarmu ce, wata dattijuwa mai sayar da ƙosai, da kwano a rufe.

"Malam, ga naka kason," ta ce. "Jiya kam Allah ya yi maka albarka. Tun da nike layin nan ban taɓa ganin shinge irin na tagarka ba. Kowa ya samu."

Ta buɗe. Soyayye ne, da gishiri da yaji, yana ta ƙyalli. Ni har na buɗe baki, sai na ga ya miƙe ya karɓa da hannu biyu.

"Na gode, Mama. Allah ya saka."

"Ɗanɗana mana, da zafinsa."

Ya ɗebi kaɗan ya sa a baki, ya tauna a gabanta, ya ce ya yi daɗi. Ta tafi tana murna.

Ya koma kujerarsa da kwanon a cinya, abin da ke bakinsa ya ƙi haɗiyuwa. Na karɓe kwanon, na tara masa hannuna a ƙarƙashin haɓa kamar yadda nake yi wa yara, na ce, "Tofar." Ya tofar. Sannan ya kifa fuskarsa a cikina ya yi kukan da ko ranar mutuwar mahaifinsa ban ji ya yi ba.