Ruwan Bayan Dutse

Jiya indararon gidanmu ya yi ta zuba, na kasa zama, sai kaiwa da komowa nake a zaure. Ƙarar ce ta tuna mini da Baffa, yayan mahaifina. Shi ba ya magana mai nauyi a zaune. Sai ya ce, "Tashi mu taka."

A shekarun fari geronmu ya ƙone tun bai fid da kai ba, na ƙudura zan sayar da gonar gado in tafi Kano. Baffa ya ɗauki sandarsa, muka bi 'yar hanyar da ta ratsa gonaki zuwa wani dutse a bayan gari, inda ruwa ke zubowa da damina. Tafiyar ba nisa, amma ƙasa na ƙona ƙafa. Yana ta ce mini, "Ruwan nan bai taɓa yankewa ba, za ka gani."

Muka isa. Abin da ke gangarowa bai fi zare ba, ƙasan sai warin taɓo. Ya tara hannu, ya daɗe kafin ya cika, ya shafa a fuska. Gemunsa na ɗiga, ya ƙi kallona.

"Je ka birnin, ɗana," ya ce. "Amma gonar, bar mini ita."

Ya noma ta da tsufansa. Da na dawo na tarar da dawa a tsaye, shi kuwa an riga an kai shi makwancinsa.

Allah ya shayar da kai daga Alkausara, Baffa.