Auta, Mai Ɗaga Ƙarfe Da Ciki

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da ɗakin motsa jiki na mata, a bene, saman wani shagon walda. Ɗaki ne guda dogo, da madubin da ya tsage ta kusurwa, fanka biyu, benci uku, sai ƙarafuna jere a jikin bango. Matan suna ce mini Malama a gaban idona. Abin da suke ce mini a bayan ido kuwa su suka sani, don ni ma na san bakina ba shi da linzami. Yawancinsu tumbi suke zuwa ragewa, su yi wata biyu su tsere. Mace ɗaya ce ta taɓa hawowa matakalar nan ta ce mini ƙarfi take nema, ita ce Auta.

A ɗakin wanki da guga na wani otal take aiki, can ƙasa inda tururi ba ya barin mutum ya ga ƙarshen ɗakin. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, bayan hannunta duk tabon dutsen guga. Ga ta da shiru kamar an ɗinke mata baki. Na ce mata, "Me za ki yi da ƙarfin, dambe za ki shiga?"

Ta ce, "Mama nake ɗagawa."

Sai da na yi wata guda ina tatsa kafin na samu sauran labarin. Mahaifiyarta ta samu shanyewar ɓarin jiki, hagunta gaba ɗaya. Yayyenta kowa yana garinsa da iyalinsa, sai waya da addu'a. Ita ƙaramar ce ta ɗauko tsohuwar ta kawo ɗaki biyun da suke haya da mijinta, direban bas ne mai fita da asuba. Bayanta ya fara ciwo, ta ji tsoron kada wata rana su zube tare.

Na koya mata lanƙwasa gwiwa, da miƙar da baya, da jawo nauyi kusa da jiki kafin a tashi da shi. Ba ta taɓa fashi ba, Talata da Alhamis da Asabar. Cikin shekara biyu tana ɗaga kilo arba'in daga ƙasa, ta ajiye a hankali ba ko ƙara. Ciwon bayan ya tafi. Ina alfahari da ita, ban ɓoye ba, har sauran matan suka fara cewa na yi 'yar lele.

Ran nan ta tsaya bayan kowa ya watse, tana ta murza igiyar takalminta. Ta ce, "Malama, ina da ciki. Wata uku." Kafin in buɗe baki in yi guɗa ta ƙara da cewa, "Biyu sun zube a baya, tun kafin in san nan."

Murnar ta koma mini ciki. Na ce mata ko sandar tsintsiya ba za ta ɗaga a ɗakina ba sai ta kawo mini takarda daga likita. Ta kawo. Likitar, wata dattijuwa mai rubutu kamar tafiyar kaza, ta ce tunda jikin ya saba za ta iya ci gaba, amma a rage nauyi. Kada ta riƙe numfashi tana yunƙuri, kada ta kwanta rigingine a benci in cikin ya taso, ta sha ruwa, ta guji zafi. In ta ga jiri ko jini ko murɗawar mara, a tsaya nan take a zo asibiti.

Na manna takardar a gefen madubi. Na sauko da ita daga arba'in zuwa ashirin, daga baya zuwa goma sha biyu, da cikin ya shiga wata na shida kuwa takwas. Na kwance mata bel ɗin da take ɗaure ƙugu da shi na jefa a kwali. Na jingine bencin ya zama kamar kujera. Sauran duk mai sauƙi ne, riƙe numfashin ne ya ba mu wuya, don duk wanda ya saba da ƙarfe haka yake yi ba tare da ya sani ba: ya cika ƙirji, ya datse haƙora, ya yunƙura. Dabarata ɗaya ce. Wanda ya riƙe numfashi ba ya iya magana, saboda haka na kafa mata doka cewa muddin ƙarfe na hannunta, bakinta na motsi.

Ta ce, "To me zan ce?"

Na ce, "Ko zagina ne ki yi, in dai zan ji muryarki."

Da fari zannuwan gadon otal take lissafo mini, da baƙon da ya goge takalmi da tawul. Da waɗannan suka ƙare sai ta shiga wasu. Haka na san babanta mai gyaran agogo ne, ya rasu tana 'yar bakwai. Na san Mama da keken ɗinki ta rene su su biyar, kuma shekarar da Auta ta karye a ƙafa, goya ta Mama ta riƙa yi zuwa makaranta, wata biyu cur, tana 'yar tara. Wata Alhamis tana durƙusawa tana miƙewa da kilo takwas a ƙirji, ta ba ni labarin ɓarinta na biyu, a banɗakin ma'aikata, da yadda ta wanke wurin tas ta koma ta ƙarasa guga don kada a sani. Muryarta ko rawa ba ta yi ba. Ni ce na juya na hau gyaran fankar da ba abin da ya same ta.

Talatar da ta biyo baya ba ta zo ba. Mijinta ne ya zo, da rigar aikinsa, ya tsaya a bakin ƙofa yana haki. Mata suka yi ta rarumar mayafi, bai ko gan su ba. Ya ce Auta na asibiti, ta ga jini. Ya nuna ni da yatsa ya ce, "Tun farko na ce ta bar ƙarafunan nan. Wallahi in cikin nan ya zube, ke ce."

Na sallami mata, na rufe ɗakin, na bi shi.

A asibiti likitar ta ce zuciyar ɗan tana bugawa lafiya, jinin ya tsaya, kuma ba wanda zai iya rantsuwa ga abin da ya kawo shi. Amma daga yau kada Auta ta ɗaga abin da ya fi buta sai ta sake duba ta. Ta waiwayo ta tambaye ni, "Mene ne mafi nauyin abin da take ɗagawa yanzu?" Na ce kilo takwas, da ƙarfin gwiwata na faɗa, har da kallon mijin. Auta tana kwance ta juya fuskarta bango.

Kwana biyu aka sallame ta. Washegari da hantsi na je duba ta, karo na farko da na taka gidan. Ƙofar a buɗe take, na yi sallama na tura labule, sai na sandare.

Katifar Mama a ƙasa take, shimfiɗe a kan siminti. Ashe ta taɓa faɗowa daga gado, shi ne suka kwance gadon suka jingine shi a bayan ƙofa. Auta na sunkuye a kanta, cikin wata shida a gaba, hannuwanta a ƙarƙashin hammatar tsohuwar. Ta cika ƙirji, ta datse haƙora, jijiyar wuyanta ta fito. Ta ɗago ta cak daga ƙasa, ta murɗa ƙugu, ta dire ta a kujera. Ban isa in yi ihu ba, kada ta firgita su faɗi. Na tsaya ina kallo, hannuna a baki.

Da Mama ta zauna daram sai bakina ya ɓalle. Na ce, "Auta, kina da hankali kuwa? Sau nawa kike yin wannan a rana?"

Ta ce, "Shida. Wani lokaci bakwai."

"Ni ina can ina auna miki kilo takwas kamar mai sayar da zinare, ke kina nan kina sungumar mutum sukutum daga ƙasa! Ina dokar numfashin? Ina maganar likita?"

Ta dube ni da mamaki na gaske, ta ce, "Ai wancan na ƙarfe ne, Malama. Mama ba ƙarfe ba ce."

Laifina ne, na faɗa kuma zan sake faɗa. Ranar farko ta gaya mini abin da ya kawo ta. Shekara biyu da rabi ina duban kowane ƙarfe da ta taɓa, ban taɓa sa Mama a lissafin nauyi ba, ban taɓa cewa bari in je in ga yadda ake yi ba. Mijin kuwa yana fita Mama na kwance, ya dawo tana kwance, kuma ko yana nan ba ta yarda surukinta ya taɓa ta. Amma a lokacin haushi ne ya rufe mini ido, na ci gaba da zuba. Na ce mace ta kwana biyu a asibiti tana zubar da jini, ta dawo tana wannan ganganci, so take ta yi na uku?

Sai na ji wata murya a karkace, da ƙyar take fita. "Jini?"

Mama ce. Ashe ba ta sani ba. Ce mata aka yi aiki ne ya riƙe Auta a otal, maƙwabciya ta kula da ita kwana biyun, tsohuwar kuma ta ƙi cin abinci don kada ta buƙaci a kai ta banɗaki. Ta dubi cikin 'yarta, ta dubi hannunta na hagu da ke yashe a cinya. Hawaye ya gangaro ta ɓarin fuskar da ba ya motsi. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba a rayuwata.

Da yamma na jira mijin ya dawo, na gaya masa komai. Ya daɗe zaune a bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Ranar hutunsa ya haɗa gadon, mai waldan da ke ƙasan ɗakina ya ƙera masa ƙarfen dafawa aka ɗaura a gefe. Na ɗauki safiya, ina zuwa kafin in buɗe ɗakina. Maƙwabciya ta ɗauki yamma. Saura tsakar rana, daga Auta da aka ba hutun aiki sai Mama, ba mu da kowa.

Mama ce da kanta ta kama gefen rigata ta ce, "Koya mini."

Shekara uku ba ta gwada tsayawa a kan ƙafarta mai lafiya ba, tunda akwai mai ɗaga ta. Na tambayi mai gashin ƙashin asibiti, ya nuna mini abin da za ta iya da wanda ba za ta iya ba. Muka fara. Ta matso bakin gado, ta jawo ƙafa ƙarƙashinta, ta dafa ƙarfen da dama, ta ranƙwafo, ta fitar da numfashi ta tura. Makon farko ko tashi daga katifar ba ta yi ba. Ta zage ni, ta ce ni muguwa ce marar imani, na ce na ji, mu sake. Ana haka likita ta sake duba Auta ta ce ta koma motsi kaɗan kaɗan: tafiya, da roba mai ja, da kilo biyu a zaune. Na kawo mata su gida. Uwa na nishi a gado, 'ya na zaune a kujera tana ɗaga kilo biyu tana ƙirga mata da ƙarfi.

A mako na shida na ce yau ba zan sa hannu ba, zan tsaya a ɓarinta na hagu kawai. Mama ta yunƙura ta koma. Ta sake, ta koma. Na uku ta ɗago rabi, ƙafar ta ɗauki rawa, ta faɗa kan katifa jagwab. Kafin in ankara Auta ta miƙe da ƙaton cikinta, hannuwa a gaba.

Mama ta ce, "Zauna."

"Mama, kaɗan kawai zan..."

"Na ce zauna!"

Auta ta koma ta zauna, ta cusa hannuwanta ƙarƙashin cinyoyinta, tana kuka ba sauti. Mama ta huta, ta gyara ƙafa, ta fitar da numfashi ta tura. Ta miƙe. Ta tsaya tana karkarwa, zufa na ɗiga daga haɓarta, ta juya a kan ƙafa ɗaya ta zauna a kujerar da kanta.

Cikin ya kai watanninsa. Auta ta haifi mace, lafiya lau, da kukanta. Mama ba ta daɗe ba bayan haka, wata biyar ta ƙara Allah ya karɓi abarsa. Amma ranar da aka dawo da jaririyar gida ina wurin. Mama na zaune a kujerarta, uban ya durƙusa ya ɗora mata yarinyar a hannun dama. Ni na tallafo ta ƙasa, Auta ta tallafo kai, duk muna tsoro. Mama ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce mu ɗauke hannuwanmu. Muka ɗauke.